Yadda za ku sauke wa manhajarku kayan `#ifdef` ku koma laburaren haɗaka

Duk manhajar C da ta kwana biyu tana aiki a Windows da Linux, in ka leƙa cikinta za ka tarar da wani fayil da kowa ke kauce wa. Yawanci sunansa `compat.c` ko `port.h`. A ciki ne wani ya rubuta `getline` nasa saboda Windows ba ta da shi, wani ya zo ya ƙara `strptime` da ba a san inda ya kwafo ba, na uku ya lulluɓe komai da `#ifdef _WIN32`, alamar da ke ware kod ɗin da Windows kaɗai za ta yi amfani da shi. Marubutan sun canza wurin aiki, wasu sun koma Kano ko Yamai, fayil ɗin na nan sai ƙiba yake yi.

Masu rubuta wa ofisoshin hidimar alhazai da masu umra manhaja a Jidda da Makka sun san wannan ciwo. Saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, tana kan Linux, kwamfutocin ma'aikata suna kan Windows ta Larabci, wakilin da ke Nijar tasa ta Faransanci ce, mai gida kuma ya sayi MacBook yana so abin ya buɗe masa a can ma. Maganin shi ne a daina kiwon wannan kod a gida, a koma ga laburaren da manhajoji da yawa ke amfani da shi tare, inda gyaran da wani ya yi saboda FreeBSD ko Solaris zai iso gare ka kana zaune. Zan yi bayani da Gnulib, na gidan GNU, wanda coreutils da tar da grep da Wget suka dogara da shi. Ma'aunin aikin kuwa ɗaya ne a wurina: yawan kod ɗinka da ka iya gogewa. In ka shigo da laburare `compat.c` na nan daram, kaya biyu ka ɗora wa kanka.

## Lokaci, sannan gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a taɓa wannan aiki a Ramadan, balle daga Shawwal zuwa ƙarshen Zulhajji, lokacin da ofis ke buga takardun masauki da na motoci dare da rana. A jira alhazai su gama komawa gida. Muharram da Safar sun fi dacewa.

Kafin a shigo da komai, a tabbatar ana iya haɗa manhajar a kan kowane tsari da umarni ɗaya, kuma akwai gwaje-gwajen da ke gudu a can. Na Linux ba wuya. Na Windows hanya biyu ce: ko a girka MSYS2, mai kawo kayan haɗa manhaja irin na Unix, a kan injin Windows na gaske, ko a haɗa daga Linux da `./configure --host=x86_64-w64-mingw32` a gudanar da sakamakon ta Wine, mai gudanar da manhajojin Windows a kan Linux. Ta biyun ta fi sauri, amma Wine ba Windows ba ce, musamman wajen kulle fayiloli da sunayensu. Don haka a ajiye injin Windows ɗaya da aka saita yarensa Larabci, wani kuma Faransanci, ko da na cikin VirtualBox ne.

In babu gwaje-gwaje ko kaɗan, a rubuta ƙalilan: karanta jerin sunaye na gaske da aka ɓadda bayanan mutane a cikinsa, rubuta shi, sake karanta shi, kwatanta. Wannan kaɗai ya isa ya kama yawancin ɓarnar da za ta biyo baya.

## Ƙirga abin da ke hannu

```
grep -rnE "_WIN32|_MSC_VER|__APPLE__|__linux__|__MINGW" src/
```

A kwashe sakamakon a takarda, a rarraba shi gida uku. Gidan farko fankishin ɗin da wani tsari ba shi da su sam: `getline`, `getopt`, `strptime`, `timegm`. Na biyu waɗanda suke nan a ko'ina amma halinsu ya bambanta, kuma su ne masu cizo. `rename` a Linux yana maye gurbin tsohon fayil, na Windows yana ƙin aiki in ya tarar da mai wannan suna. Tsohon `_snprintf` na Microsoft ba ya rufe rubutu da sifili in wurin ya cika. Fayil ɗin da aka buɗe ba tare da `b` ba, Windows tana sauya masa ƙarshen layi, kuma tana ɗaukar bait 0x1A a matsayin ƙarshen fayil, shi ya sa hoton fasfo yake yankewa a tsakiya. Gida na uku abin da ya shafi sana'arku kaɗai: na'urar karanta fasfo, firintar katin wuya. Wannan naku ne, babu laburaren da zai karɓe shi.

## Wane laburare, kuma da wane lasisi

A nan ake yin kuskuren da ke da tsadar gyara, shi ya sa zan daɗe.

Gnulib ba irin laburaren da ake girkawa a haɗa da shi ba ne. Tarin kod ne da aka yanka modul-modul. Kana zaɓen waɗanda kake so, a kwafo su cikin aikinka, `configure` ya duba kowane inji ya ga ko na asali yana da lafiya, in ba shi da ita a sa na Gnulib a madadinsa. Kyawunsa shi ne kod ɗinka ya kasance POSIX zalla, wato bisa ƙa'idar da tsarukan Unix suka haɗu a kanta: kana rubuta `getline` yadda ka saba. Sharaɗinsa kuma Autoconf da Automake, wato Autotools, kayan da ke samar da `configure` da `Makefile`. In aikinku a kan CMake ko Meson yake, kada ku wahalar da kanku.

Sauran suna ba ka sabbin sunaye ne ka koya. APR, wanda sabar Apache da Subversion ke tafiya a kansa, yana zuwa da nasa tsarin rabon ƙwaƙwalwa, kusan kowane kira sai ka miƙa masa `apr_pool_t`, don haka yana ratsa kod ɗinka ko'ina. libuv, da aka gina domin Node.js, shi ne gwani in aikin na haɗin intanet ne masu yawa a lokaci guda, domin ya ɓoye bambancin epoll na Linux da kqueue na Mac da BSD da IOCP na Windows. GLib ya fi su faɗi: jeri, teburin bincike, rubutun UTF-8, ga kuma `g_fopen`. Manyan ayyuka ma suna sauya sheƙa; libvirt ta bar Gnulib ta koma GLib a 2020. Ra'ayina: tsohuwar manhajar da aka rubuta da salon Unix, mai Autotools, wadda ake so ta zauna lafiya a Windows da Mac, Gnulib ne nata. Sabon aiki da Windows ce babbar kasuwarsa, GLib ko libuv.

Sai lasisi. APR yana kan lasisin Apache 2.0, libuv a kan MIT, GLib a kan LGPL. Gnulib kuwa kowane modul da nasa, kuma da yawa GPL ne, har da `xalloc` da mutane ke saurin ɗauka. In manhajarku ta sayarwa ce kuma ba ku sakin kod ɗinta, modul ɗaya na GPL ya isa ya jefa ku cikin rigima, domin GPL na bukatar a ba wanda aka raba wa manhajar kod ɗinta. Ana duba na kowanne da `gnulib-tool --extract-license sunan-modul`, amma abin da ya fi tsaro shi ne a sa `--lgpl=2` tun kiran farko, sai kayan aikin ya tsaya cak in wani modul, ko wanda ya jawo a bayansa, bai dace ba. LGPL ɗin ma ba kyauta ce marar sharaɗi ba. Tunda kod ɗin yana narkewa cikin naku, dole mai amfani ya samu hanyar sake haɗa manhajar da nasa gyararren laburaren. A zauna da mai kamfani a karanta wannan tare kafin a rubuta layi ɗaya. Ya fi a ji "Injiniya, me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?" bayan an raba wa ofisoshi.

## Shigar da shi

Gnulib ba ya fitar da sigogi masu lamba irin na sauran laburare. Daga ma'ajiyarsa ta Git ake ɗauka. Ma'ana in ba ka ɗaure kanka a kwamit ɗaya ba, wato mataki ɗaya a tarihin canje-canjensa, abin da ka haɗa yau da wanda abokin aikinka zai haɗa jibi ba ɗaya ba ne. A ɗaure shi:

```
git submodule add https://git.savannah.gnu.org/git/gnulib.git gnulib
```

Akwai rassa masu suna irin `stable-202401` da ake yankewa a Janairu da Yuli, waɗanda gyaran kurakurai kawai ke shiga cikinsu. Ƙaramin kamfani ya tsaya a kan ɗayansu, wanda ya fi sabunta.

Sannan a shigo da modul ɗaya tak. Ɗaya, ba ashirin ba:

```
gnulib/gnulib-tool --import --lgpl=2 --source-base=lib \
    --m4-base=m4 --lib=libgnu getline
```

Ƙara `--dry-run` a karon farko ka ga abin da zai kwafo. Kada ka firgita da tsawon jerin: `getline` yana jawo `getdelim`, shi kuma ya jawo madadin `stdio.h` da wasunsa. Haka abin yake.

Idan ya gama zai buga wasu layuka a ƙasa. Mutane sukan wuce su, alhali a nan ya faɗi hedar da za a saka, da abin da za a ƙara wajen haɗawa, da gyaran da `configure.ac` ke bukata. A taƙaice ga shi:

```
AC_PROG_CC
gl_EARLY
...
gl_INIT
AC_CONFIG_HEADERS([config.h])
AC_CONFIG_FILES([Makefile lib/Makefile src/Makefile])
```

`gl_EARLY` dole ya biyo `AC_PROG_CC` kai tsaye, domin yana kunna wasu saituna da duk binciken da ke bayansa ya dogara da su. A babban `Makefile.am` a sa `lib` gaban `src` cikin `SUBDIRS`. A na `src` kuma:

```
AM_CPPFLAGS = -I$(top_builddir)/lib -I$(top_srcdir)/lib
LDADD = $(top_builddir)/lib/libgnu.a
```

Hanyoyin `-I` biyun duka ana bukatarsu, saboda wasu hedojin a lokacin gini ake ƙirƙirarsu.

Me za a ajiye a Git? `m4/gnulib-cache.m4` dole, domin shi ke tuna zaɓinku. Fayilolin da aka kwafo kuwa ana iya ajiye su, ana iya barinsu a riƙa samar da su. Na fi son barinsu, don kada tarihin aikin ya cika da canjin da ba ku kuka yi ba, kuma kada wani ya ga fayil a gabansa hannunsa ya yi ƙaiƙayi ya gyara.

## Modul ɗaya, gogewa ɗaya

Doka ta farko: kowane fayil `.c` ya fara da `#include <config.h>`, kafin kowace heda. Ba ado ba ne. A can ake bayyana girman `off_t` da sauran abubuwan da hedojin tsarin ke dubawa. Fayil biyu da suka saɓa a nan za su haɗu lafiya lau, sannan su riƙa fahimtar `struct stat` daban-daban. Hedojin Gnulib na yanzu suna tsayar da gini su ce a fara saka shi, wanda alheri ne.

Daga nan zagayen iri ɗaya ne. Ka ƙara modul da `--add-import`, ka goge naka daga `compat.c` tare da `#ifdef` ɗinsa, ka haɗa a dukkan tsarukan, ka gudanar da gwaji, ka yi kwamit. Shigarwa da gogewa su kasance a kwamit ɗaya. Ranar da wani abu ya lalace, `git bisect` zai nuna maka modul ɗin da hannu.

Fara da gidan farko, masu sauƙi. Amma ka karanta tsohon kod ɗin kafin ka binne shi, domin sau da yawa yana yin wani abu a ɓoye da sauran manhajar ta saba da shi. Misali mafi yawa: `getline` na gida yana cire `\r\n` gaba ɗaya, na POSIX kuwa yana dawo maka da layin har da `\n` ɗinsa, kuma ba ruwansa da `\r`. Sai a turo jerin da aka adana a Excel, a karanta a saba, lambar fasfo ta ƙarshen layi ta zo da `\r` manne a wutsiyarta, bincike ya ce babu wannan alhaji, alhali ga shi zaune a bakin ofis da jakarsa. Gyaran layi uku ne, a wurin da ake kira, amma sai wanda ya karanta tsohon ne zai san a yi shi.

Akwai abin mamaki da ke jiran kowa. Gnulib yana sauya sunaye da makro, `open` ya koma `rpl_open` a inda ake bukata. In kana da `struct` mai gurbi mai suna `open` ko `close`, makron zai taɓa shi ma. A C, muddin kowane fayil ya saka hedoji iri ɗaya, abin yakan wuce. In wani ya saka wani bai saka ba, sai kwamfaila ta ce ba ta san gurbin ba. Hanya mafi gajarta ita ce sauya wa gurbin suna. A C++ kuma ana bayyana `GNULIB_NAMESPACE` a matsayin `gnulib`, a riƙa rubuta `gnulib::open` a inda ake son madadin.

Bayan jerinka ya ƙare, bari laburaren ya nuna maka abin da ka tsallake. Shigo da modul `posixcheck` na ɗan lokaci, ka haɗa a Linux da GCC. Zai yi gargaɗi a kan kowane fankishin da aka san yana da matsala a wani tsari, tare da sunan modul ɗin da ke gyara shi. Gargaɗin zai yi yawa. Ba duka za ka bi ba: abin da ya shafi AIX ko HP-UX, in ba ka da kwastoma a can, ka wuce. Ka cire `posixcheck` idan ka gama.

Kada a manta da `c-strtod`, modul ɗin da ke karanta lamba ba tare da bin yaren injin ba, in lasisinsa ya dace da naku, ko a rubuta makamancinsa. `strtod` yana bin yaren injin da zarar manhaja ta kira `setlocale`. A Windows ta Faransanci waƙafi ne ke raba kuɗi da canji, don haka `1250.75` riyal zai karantu 1250, halala 75 su ɓace shiru, a kowane layi.

## Abin da zai rage a wuyanku

Wata rana ma'aikaci zai kira daga Makka: "Injiniya, don Allah duba mana, fayil ɗin alhazan Ƙaura yana nan a folda ina ganinsa, amma manhaja ta ce babu shi." Sunan fayil ɗin `alhazan_Ƙaura.csv`. Windows tana adana sunaye da UTF-16, amma `fopen` da `argv` suna bi ta tsohon shafin haruffa na injin, wanda a Windows ta Larabci 1256 ne, a ta Faransanci 1252. Babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ɗayansu. Harafin zai koma alamar tambaya ko wani abu daban, sunan ya daina dacewa. A injin Faransanci sunan Larabci ma haka zai sha.

Madadin `fopen` na Gnulib bai zo domin wannan ba. Hanya biyu ce. Tun daga Windows 10 siga 1903, ana iya saka `activeCodePage` a matsayin UTF-8 cikin manifes ɗin manhaja, sai tsoffin kiraye-kirayen su fahimci UTF-8. Wannan ita ce mafi sauƙi in duk injinan ofis sun kai wannan siga. In akwai tsofaffi, sai ƙaramin fankishin ɗaya da ke juya suna da `MultiByteToWideChar` ya kira `_wfopen`. GLib da APR da libuv duk suna karɓar suna da UTF-8 su yi juyin da kansu, kuma ga irin aikinmu wannan hujja ce mai nauyi a gefensu.

Abu na biyu da zai rage a wuyanku girman `long` ne. A Linux da macOS masu bit 64, bit 64 ne. A Windows bit 32 ne, iyakarsa 2,147,483,647. Babu laburaren da zai gyara wurin da kuka zuba `time_t`, mai ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1970, cikin `long`. Wannan iyaka a lissafin daƙiƙa tana cika ranar 19 ga Janairu 2038, kuma fasfo mai shekara 10 da za a bayar daga 2028 ranar ƙarewarsa za ta tsallake ta. A nemo su, a mayar `int64_t`. `wchar_t` ma haka, bit 16 a Windows, 32 a sauran. Kada a rubuta shi kai tsaye cikin fayil.

Ranar haihuwa kuwa kada a ajiye ta a `time_t` ko kusa. `mktime` da `localtime` na Microsoft ba sa karɓar abin da ya gabaci 1970, kuma dubi shekarun dattawan da ke sauka a filin jirgin Jidda. Shekara, wata, rana, lambobi uku, shi ke nan. Lokacin tashin jirgi a ajiye shi da UTC a juya wajen nunawa: Saudiyya tana gaban UTC da awa 3, Najeriya da Nijar da awa 1. Kalandar Ummul Ƙura ba aikin waɗannan laburare ba ne. ICU, laburaren harsuna da kalandoji, yana da ita da sunan `islamic-umalqura`.

Ko `rename` da aka gyara yana da iyaka. Zai maye gurbin tsohon fayil, amma in ma'aikaci ya bar shi buɗe a Excel, Windows za ta hana. Manhaja ta duba abin da kiran ya dawo da shi, ta gaya wa mutum ya rufe fayil ɗin, da yaren da yake ji.

## Faci da sabuntawa

In kun tarar da kuskure a cikin modul, kada a gyara kwafin da ke `lib/`, sabuntawa ta gaba za ta share shi. A buɗe folda, a ce `gl/`, a ajiye gyaran a ciki a matsayin fayil `.diff` bisa tsarin foldojin Gnulib, a ƙara `--local-dir=gl`. Sannan a aika wa masu kula da shi, su Bruno Haible da Paul Eggert, da ƙaramin misalin da ke nuna matsalar. Da zarar sun karɓa sai ku goge naku facin.

Sabuntawa sau biyu a shekara ta wadatar, a daidaita ta da kalandarmu: a zaɓi sabon reshe a lokacin da ofis ya lafa, ba lallai watan da ya fito ba. A matsar da kwamit ɗin, a karanta fayil `NEWS` na Gnulib inda ake jera canjin da ke karya tsohon amfani, har da modul da aka sauya wa suna, a gudanar da `gnulib-tool --update`, a bi gwaji a kowane inji. Mutum ɗaya ya riƙe wannan aiki da sunansa, na biyu ya zauna kusa da shi ya gani, saboda iƙama takan ƙare, mutane sukan tafi.

Kafin a raba wa ofisoshi, `make distcheck`. Yana ƙulla kunshin `tar.gz`, ya kwance shi a wani wuri, ya haɗa, ya gwada. Kunshin yana ɗauke da `configure` da duk fayilolin da aka kwafo, don haka wanda zai haɗa shi ba ya bukatar Gnulib ko Autoconf a injinsa. Wannan kunshi za a kai injin Larabci da na Faransanci a haɗa daga gare shi, a buɗe `alhazan_Ƙaura.csv` da wani mai sunan Larabci, a karanta jerin da ke da haihuwar 1948 da kuɗi mai halala, sannan a sa wa sigar lamba.